Toshin da Na Auna da Tsinken Tsintsiya

Toshin da na aika wa matar da nake nema ya cinye mata jatan lande, ya kashe mata kifi, ya kuma cije ni a yatsa. Babu wanda ya yi min asiri, babu wanda ya cuce ni. Da hankalina na zaɓo shi, an ma hana ni na ƙi hanuwa.

Sunana Muntari, a Gammo nake ta ƙasar Kabo, shekarata arba'in da takwas. Sana'ata kiwon tarwada, kwami shida gare ni a bayan gida, kuma bana shekarata goma sha tara a ciki. Na faɗi wannan ne don ku san ba jahilin kifi ba ne ni. Matata ta rasu shekara uku da suka wuce, 'yarmu guda tana ɗakin mijinta a Durun, gidan ya rage daga ni sai tarwada.

Yayata Zinnira ce ta hana ni sakat. Duk Juma'a sai ta zo, ta buɗe tukunya ta leƙa, ta shinshina labule, ta ce gidan warin abincin kifi yake da warin gwauro, kuma ba ta san wanne ya fi ba. Ta kawo min sunayen zawarawa sun fi goma, kowacce na samo mata aibu. Rannan ta je awon hawan jini a wani asibiti a Gwarzo, ta dawo da lambar nas ɗin da ta ɗaure mata hannu. Ta ce sunanta Zubaidatu, mijinta ya rasu shekara huɗu, tana zaune da mahaifiyarta.

"Kuma kifi take kiwo," in ji Yaya. "Sai ka faɗa min aibun wannan."

Ban samo ba. Ranar Lahadi na saka shaddata ruwan toka, na kafa hula, na juye rabin kwalbar turare a jikina saboda ƙarni, na hau babur sai Gwarzo.

Inna, mahaifiyarta, ita ta amsa sallama. Muka gaisa har da tambayar damina da mutanen Gammo ɗaya bayan ɗaya, sannan aka kai ni falo. Zubaidatu ta fito cikin atamfa koriya da farin mayafi, da tabarau a fuska, ba kwalliya sai kwalli. Ta ajiye min zoɓo ta zauna can nesa, ta dube ni irin duban da suke yi wa mutum kafin su ce ya rage gishiri. Ba zan ɓoye muku ba, a nan take na ji na gama zaɓe.

Amma abin da ya ɗauke min ido shi ne akwatin gilashin da ke jikin bango. Tsawonsa ya kai gadon yaro, cike da ruwa garau, shuɗiyar fitila a sama, inji yana ɗan gurnani a ƙasa. A ciki duwatsu ne masu ramuka, a jikinsu wasu abubuwa launi-launi suna rangaji. Na ce ciyawa ce? Ta ce a'a, murjani ne mai rai, dabba ce, tana ci tana girma. Ni a sanina murjani a wuyan mata yake.

Ta ce ruwan ma ba irin namu ba ne, ruwan teku ne, da gishiri na musamman ake haɗa shi a auna. Marigayi mijinta Lukuman a tashar jiragen ruwa ta Legas ya yi aiki, can ya haɗa akwatin, da ciwo ya kama shi suka taho da komai a mota cikin bokitai. Solar da ke kan rufin gidan saboda akwatin aka saka ta. In batir ya yi ƙasa, firji da fanka ake kashewa, Inna ta yi fifita da mafici, injin kifi ya ci gaba da aiki.

Na matsa na ƙirga abin da ke ciki. Huɗu. Kifi biyu ruwan lemo masu farar ɗamara, wani siriri da ke kwance kan yashi kamar an biya shi ya kwanta, sai jatan lande guda mai ja da fari da dogon gashin baki. Masu ruwan lemon ta ce shekararsu tara tare, marigayi ya sayo su suna ƙanana. Babbar ita ce macen, sunanta Hajiya, ƙaramin Alhaji. Duk inda Hajiya ta juya Alhaji yana bayanta. Jatan landen kuma wanzaminsu ne, su zo su tsaya ya bi jikinsu yana tsince musu datti.

A raina na ce, wannan ruwan ai zai ɗauki tarwada sittin. Sai tausayinta ya kama ni. Na ɗauka rashin hali ne, mace ita kaɗai da albashin nas, miji ya tafi ya bar ta da akwati fayau. Tun ranar na ƙudura zan cika mata shi.

Wata uku ina zuwa duk Lahadi. Da dare kafin isha na tura mata saƙon murya, ita kuma ta amsa a rubuce, gajere, kamar takardar magani. In na ce na yi kewarta, ta rubuto, "To madalla. Ka sha ruwa da yawa." Rannan ta rubuto, "Inna ta ce kana da kirki. Ni ma ban musa ba." Na kai wa Yaya ta karanta min sau biyu, ko da yake na iya karantawa.

Kuma Zubaidatu ta gaya min gaskiyar akwatin, kada wani ya ce ba ta faɗa ba. Wata Lahadi na ce me zai hana a ƙara kifi, sai ta gyara zama ta yi min bayani. Ta ce kifin teku ba a haɗa su sai an san halin kowa. Wani yana cin murjani, wani yana cin jatan lande, wani in ya riƙe rami to duk wanda ya gifta abokin gaba ne. Ta ce masu sanyin hali ake fara sakawa, mafaɗata a ƙarshe, wasu kuma ba a saka su sam. Baƙon kifi ma sai an ajiye shi shi kaɗai a wani ƙaramin akwati na makonni an ga lafiyarsa da take-takensa. Ta ce huɗun nan ba rashi ba ne, su ne suka iya zama da juna.

Na gyaɗa kai har ta gama. A raina kuwa cewa nake, wannan zancen 'yan boko ne. Mu masu tarwada dokarmu ɗaya ce, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba: kifi ba ya cin sa'ansa. Duk mako biyu muna shiga kwami mu ware manya gefe, ƙanana gefe, domin babba yana haɗiye ƙarami. In girmansu ɗaya, ko dubu ne za su zauna lafiya. Kifi ai baki ne da ciki, ina ya samo hali?

Aka sa ranar Asabar manyana za su je tambaya wajen yayyenta. Yaya ta ce kafin nan ya kamata a kai toshi mai nauyi, ta kawo shawarar leshi da turare da takalmi. Na ce leshi kowane bazawari yana kaiwa, ni abin da zan kai sai an yi labarinsa a Gwarzo. Wannan kam ban yi ƙarya ba.

Lahadin ƙarshe, da Zubaidatu ta shiga ɗauko min ruwa, na zari tsinke daga tsintsiyar da ke bayan ƙofa, na kara a jikin gilashi, na jira Hajiya ta gifta, na karya shi daidai tsawonta. Na jefa a aljihu. A jikin bokitin gishirinta kuma akwai lambar mai shagon da take saye a Abuja, na kwafe a wayata.

Sunansa Leonard, mutumin Kafanchan, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Na kira shi ta bidiyo, ya zagaya da ni shagon akwati bayan akwati. Ina riƙe da tsinkena ina cewa wannan ya yi girma, wannan ya yi ƙanƙanta. Sai ga wani ya taso daga bayan dutse. Jama'a, ban taɓa ganin kifi mai kyansa ba. Fuska kamar an yi wa amarya zane, shuɗi da baƙi da ruwan ɗorawa, leɓe kamar ya shafa jan baki, yana tafe yana taƙama. Na sa Leonard ya auna shi da abin awo, ni ma na auna tsinkena. Daidai, ko gashi babu.

Leonard ya ce sunansa tiriga, ya tambaye ni me ke cikin akwatina. Na ce kifi. Ya ce akwai murjani, akwai jatan lande? Na ce akwai 'yan tarkace. Ya ce to wannan ba zai yiwu ba, haƙoransa na fasa ƙwanso ne, jatan lande abincinsa ne, kuma in ya girma babu mai kwana lafiya a akwatin. Ya nuna min wasu ƙanana masu sanyin hali, ya ce waɗannan za su zauna da kowa, sun ma fi araha. Na dube su, ba su kai rabin tsinkena ba. Na ce so yake Hajiya ta haɗiye su in yi asara.

"Alhaji, wace Hajiya?"

"Ba ruwanka. Shekararka nawa kana kifi?"

Ya ce takwas. Na ce ni goma sha tara, ya ɗaure min kayana. Sai ya ce zai sayar min, amma da sharaɗin in turo masa saƙon murya cewa ya gargaɗe ni. Na danna na ce, ni Muntari na Gammo, an gaya min kifin nan mugu ne, na ce na ji na gani, kifi ba ya cin sa'ansa, kuma babu ɗan Abuja ko mace mai tabarau da za su koya min kifi. Wannan na ƙarshen ban san me ya kai bakina ba. Daɗin magana ne.

Ranar Talata da safe na karɓo shi a tasha a Kano, cikin leda mai iska a cikin kula. Da hantsi ina Gwarzo. To ku kun san bazawari ba ya kai toshi da hannunsa, mace ake aikawa. Na tsaya a bakin layi na miƙa wa Yaya kular, ta sha gwaggwaro da mayafi mai duwatsu. Na ce ta juye shi a akwatin kafin Zubaidatu ta dawo daga aiki, ta shigo ta gani kawai.

Yaya ta ba ni labari daga baya cewa da farko Inna ba ta yarda ba. Ta ce yarinyar nan ko hannu ba ta bari a saka a ruwan, ko za a jira ta? Yaya ta ce to shi ke nan, sai ta mayar wa Muntari ta ce an dawo da toshinsa. Kowa ya san abin da mayar da toshi yake nufi, ga tambaya saura kwana huɗu. Inna da ke son ganin 'yarta a ɗaki ta ce a'a, ba za a yi haka da ita ba. Ita ta riƙe kujera, Yaya ta hau ta kwance leda ta tuttule. Suka tsaya suna yaba kyansa, har Inna ta yi guɗa ƙasa-ƙasa. Suka koma tsakar gida cin ɗanwake.

Ni kuwa na koma Gammo ina jiran saƙon godiya. Na ma yi wanka na zauna kusa da waya. Bayan la'asar ya shigo.

"Malam Muntari, ka zo yanzu. Ka taho da abin kama kifi."

Na ɗauki komata ta tarwada, wadda bakinta ya kai faifai biyu, na ɗaure a babur.

Na tarar da ita tsaye gaban akwatin, ko fararen kayan aiki ba ta cire ba. Kusa da ita Malama Anastasia ce, 'yar Filato mai koyar da kimiyya a sakandare, tana haya a gidan, ita ke taya ta haɗa ruwa. Inna tana bakin ƙofa da carbi. Ruwan da na sani garau ya yi fari da yashi. Wanzami babu shi, sai gashin bakinsa guda yana yawo. An gutsure murjani wuri uku. Mai kwanciya kan yashi ya ɓace cikin rami. Alhaji yana can sama a lungu, wutsiya a yage, gefensa da rauni, Hajiya ta tare gabansa tana kai gora. Toshina kuwa ya ɗauko wani ɗan dutse a baki yana canza masa wuri, kamar wanda ya sayi gidan.

Na ce ikon Allah, amma fa girmansu ɗaya.

Malama Anastasia ta dubi komata ta tambaya ko kada na zo kamawa. Ta ɗauko 'yar ragarsu kamar matacin shayi. Tana sakawa toshin nawa ya shige rami. Ta haska da waya ta ce shi ke nan, ya kulle kansa, irinsu suna da ƙaya a baya da suke tokarewa da dutse, ko an ja ba sa fita. Sai an kwashe duwatsun duka.

Nan ma ban yi shiru ba. Na ce su matsa, ni da hannu nake kama tarwada mai kilo uku, na san inda ake danna kifi ya saki jiki. Zubaidatu ta ce kada in saka hannu, akwai turare a jikina. Na naɗe hannun riga na zura har kafaɗa, na tura yatsa cikin ramin.

Tarwada tana suka, na saba. Wannan ba suka ya yi ba, gutsura ya yi, kamar an kama ni da filaya. Na fizgo hannu na buge fitilar, hulata ta faɗa ruwa. Inna ta yi salati. Malama Anastasia ta juya baya kafaɗunta suna rawa.

Zubaidatu ba ta yi dariya ba. Ta fara tsamo hular, saboda ruwan, sannan ta zaunar da ni ta wanke yatsan ta ɗaure. Wannan ne karo na farko da ta taɓa ni, kuma ko kallona ba ta yi ba.

Sai da aka kwashe duwatsu a bahon wanki har uku, aka ɗago dutsen da yake ciki aka nutsa a bokiti, sannan ya ga dama ya fito. Na ce a ba ni shi in soya, ko banza na rama. Zubaidatu ta ce ba shi da laifi, halinsa ya yi, ba shi ya sayi tikitin mota daga Abuja ba. Ta ce halitta ce, ni na ɗauko ta, in na kashe ta kada in sake taka layinsu. Malama Anastasia ta ara min ƙaramin akwatin da suke ajiye baƙon kifi, da jarkar ruwan gishiri biyu, da ɗan injin iska. Haka na koma Gammo da toshina a bayan babur, yatsa a sama.

Laraba na tura saƙo bakwai. Na ba da haƙuri, na ce zan sayo wanzami goma. Ta amsa guda: "Alhaji ba ya ci."

Alhamis da safe ya mutu. Yaya ta je ba da haƙuri ta dawo ta ce ta tarar da Zubaidatu zaune gaban akwatin, Hajiya tana ta zagaya lungun da yake kwana. Ta ce ba kuka take ba, amma gara a ce kukan take. Sai a lokacin na tuna wanda ya sayo kifin nan, da shekarun da ta yi tana kashe fanka saboda su. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Duk da haka ina ganin da an gyara. Inna tana bayana, ta ce laifin nata ne da ta riƙe kujera. Yaya ta rantse cewa ƙaninta bai san mugun kifi ba ne, mai shago ne ya cuce shi don ya sayar. Ni kuma da na ji an ce haka, ban gyara mata zance ba. Wannan shi ne kuskurena na biyu. Zubaidatu ta kira Leonard, wanda shekara da shekaru take ciniki da shi, ta ce ashe haka yake, ya sayar wa mutum kifin da ya san zai yi ɓarna? Leonard bai yi musu ba. Ya tura mata saƙona.

Juma'a bayan masallaci ta turo min shi. Na saurari muryata tana taƙama tun daga "ni Muntari na Gammo" har zuwa mace mai tabarau. A ƙasa ta rubuta:

"Da rashin sani ne da na haƙura, kowa yana kuskure. Amma na gaya maka, shi ma ya gaya maka. Kana gyaɗa min kai ashe ba ji kake ba. Gidan da zan shiga ina so in na yi magana a ji. Ka ce wa manyanka kada su wahala gobe."

Na kira, ba ta ɗauka ba. Na fara saƙon murya sau uku ina gogewa, don na lura duk abin da ya same ni ta nan ya biyo.

Goro da alawar da na saya na tambaya, almuru na yi na kai masallacin unguwa aka raba. Liman ya tambayi sadakar mece ce, na ce ta neman sauƙi. Yaya ta yi mako biyu ba ta zo ta leƙa tukunyata ba.

Leonard ya ce ba ya karɓar kayan da aka sayar, balle wanda ya riga ya ɗanɗana jatan lande. Malama Anastasia ta aiko a gaya min akwatinsu aro ne, kuma kifin zai kai tsawon tafin hannu da rabi, yana buƙatar babban akwati shi kaɗai, da inji, da wutar da ba ta ɗaukewa. Na kwashe kwami biyu tun tarwadar ba ta gama girma ba na sayar, na sayi babban akwati da inji, na haɗa masa sola. Da aka kawo akwatin aka duba gidan kaf, wuri ɗaya ne ya cika sharaɗi, mai sanyi, mai silin, mai sabon siminti: ɗakin da na gyara wa amarya, na yi masa shuɗin fenti na saka labule mai fure.

Yana ciki yanzu, ya yi ƙiba, in na shiga sai ya taso ya feso min ruwa. Zubaidatu kuwa ba ta toshe lambata ba. Duk safiya ƙarfe bakwai saƙonta yana shigowa, kalma uku: "Ya ci abinci?" Ran farko na amsa da cewa na ci, na gode da kulawa. Ta rubuto, "Kifin nake nufi."